A Karɓi Kwat, A Maida Ni Sikeli

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfaninmu na sayen auduga, ofishin Makarfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da duk wanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Yaya mutanen Ikara? Ina gaida Iya babba, wadda ta haife ka, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Iya ƙarama kuwa, wadda ni na haifa, ga ta nan a kan cinyata tana neman cinye gefen takardar nan, ta ce a gaida ɗanta.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, mutumin Hunkuyi. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da sikeli a fuloti, wato filin da kamfani ke sayen auduga, wata bakwai kuma ina cikin kwat ina amsa sunan Sufeton Sikeli, har zuwa sati uku da suka wuce da aka sallame ni. Sau uku ina zuwa ofis neman ganinka. Na farko babban akawu ya ce kana Zariya, na biyu ya ce kana Zariya, na uku kuwa ina kallon motarka a gindin mangwaro ya sake cewa kana Zariya. Shi ya sa na biyo ta jarida, tunda na san ba ka karya kumallo sai da ita a hannu. Buƙatata ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu kada ka gaji kafin ka kai ƙarshe: ina roƙo a rage mini girma. Na san tun da aka kafa kamfanin nan ba a taɓa kawo irin wannan roƙo ba. Ni kaina ina rubutawa ina dariya, har mai ɗakina ta leƙo sau biyu ta ga ko lafiya.

Kada masu karatu su ga ina jan babban mutum da wasa su ce Garba ya taɓu. Ina da hurumi. Ni kakan Manaja ne, shi da bakinsa ya faɗa a gaban shaidu, kuma zan zo kan wannan in an bi ni a hankali.

Na ɗaya. Kai ka sani, masu karatu ne ba su sani ba, ma'aikatan kamfaninmu kashi biyu ne. Akwai waɗanda muke kira 'yan wata, masu albashi, masu kujera a ofis, masu sa hannu da alƙalami. Akwai kuma mu 'yan rana, masu sikeli da masu ɗinkin buhu da masu dako, waɗanda ake ɗauka in an buɗe fuloti bayan girbi, a sallame mu in auduga ta ƙare, mu dangwala yatsa mu karɓi haƙƙinmu. Kowace shekara ana sallamata, kowace shekara ana kirana, kuma ban taɓa jin zafin abin ba, don sallamar takan zo daidai lokacin da gona ke nemana. In kai taki, in yi shara, ruwa ya sauka in shuka dawata da gerona, in leƙa ɗan raken da nake da shi a fadama. Kafin auduga ta fashe a gonaki rumbuna ya cika, sai in wanke hannu in koma sikeli.

Aikin kuwa, ba yabon kai ba, na iya shi. In manomi ya sauke ƙunshi daga kan jaki, kafin a ɗora na san nauyinsa da ido. In na cusa hannu, na san wadda aka yayyafa wa ruwa da asuba, na san wadda aka ɓoye wa tsakuwa a ciki. Ban taɓa danne sikeli don kamfani ba, ban taɓa ɗaga shi don ɗan'uwa ba. Tsofaffi daga Kudan sukan bar gajeren layi su bi nawa mai tsawo, su yini a rana, don dai Garba ya auna musu.

Na biyu. Da muka samu mulkin kai, Baturen ofis ya ɗaure kayansa, aka ce ɗan ƙasa ne zai hau kujerar, ɗan ƙasar ma ɗan Ikara. Wallahi ranar da ka fara zuwa fuloti na yi murna kamar ni aka ba. Manajan da zai ce maka sannu da aiki ka gane abin da ya ce, ya tambaye ka gida ya kuma tsaya ya ji amsa! Ka tsaya a bayana rabin yini kana kallo. A gabanka na zaro dutse ya kai ƙwaryar fura daga ƙunshin wani dattijo, na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Baba, ga ajiyarka, kamfani bai fara sayen irin wannan ba tukuna." Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka tambayi sunana ka rubuta a ɗan littafinka.

Ana rufe fuloti sai ga Audu masinja a ƙofar gidana da ambulan mai ruwan ƙasa, da jan hatimin kamfani a baya. Takardar da Turanci take, ni kuwa karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla. Na aika aka kira Malam Isiyaku, malamin elementare na garinmu, ya karanta bayan la'asar maƙwabta suna ji. An ɗaga Garba ya zama Sufeton Sikeli na fuloti uku, Hunkuyi da Nasarawan Doya da Paki. Ya zama ɗan wata, da ƙarin fam ɗaya da sule goma a kan abin da yake samu, da kwat ɗin kaki mai maɓallan tagulla, da hular kwano, da keke. Mata suka rangaɗa guɗa a cikin gida. Na ba Audu tukuicin sule biyu da zakara, na sa kwat ɗin a kan babbar riga na zaga gari har sau biyu, ina gaida mutanen da na riga na gaisa da su da safe.

Sikelina na Hunkuyi aka ba Tanimu, mutumin Paki, wanda ya riga ni shiga kamfani da shekara biyu, kuma yana ganin kwat ɗin tasa ce ta ɓata hanya. Ya ce mini Allah ya sanya alheri, amma ta cikin haƙori ya faɗa. Daga ranar ya daina sa hannu a akushi ɗaya da ni.

Na uku, kuma nan ne hurumin nawa. Kwana biyu da karanta takarda mai ɗakina ta sauka, aka samu mace. Ina da gwaggo da ke aure a Ikara, ta san mahaifiyarka tun suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, ita ta raɗa mini sunan. Ba zan rubuta shi a jarida ba, tunda kai ma ba ka kama shi. Na sa wa yarinya, na aika maka da goro. Ranar suna motarka ta tsaya a ƙofar gidana, mota ta farko da ta taɓa shiga lungunmu, har ta tafi da gefen dangar maƙwabcina bai ce komai ba don daɗi. Ka kawo turmin atamfa da sabulu. Aka fito maka da jaririya ka karɓa ka ce, "Uwata, sannu da zuwa. Ashe nan kika ɓuya?" Sannan ka juyo ka dube ni ka ce, "To Malam Garba, yau ka zama kakana. Sai ka riƙa yi mini wasan da sauƙi, ni jika ne mai kunya." Liman yana wurin, Malam Isiyaku yana wurin, wanzami ma ya ji. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran yarinyar nan da sunan yanka. Duk Hunkuyi Uwar Manaja ake ce mata. A ɗauki Uwar Manaja, a yi wa Uwar Manaja wanka, Uwar Manaja ta jiƙa wa liman riga.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya. Rabin abin murna ce da ƙauna, rabi kuwa dabara ce. Na zauna na yi tunani irin namu na mutanen karkara. A wurinmu in babba ya kira ka a gaban jama'a ya yafa maka riga ya ba ka suna, ba ya dawowa ya tuɓe sai in ka yi abin kunya. Wannan igiya ɗaya ke nan. Ta biyu kuwa, wa ya taɓa jin jika ya kori kakansa daga wurin cin abinci? Na ce a raina na ɗaure aikin nan da igiya biyu, ko saniyar Fulani ce ba ta tsinkewa. Na kwanta na yi barci har da minshari.

Na huɗu. Ashe ɗan wata ba ya zuwa gona. Doka ce, kullum ƙarfe takwas yana ofishin Makarfi ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na kama ɗaki a can, sai ranar Asabar in taka keke in koma gida. Da na ce zan ba ƙanena Sale aron gonata har da fadamar, mai ɗakina ta ce, "Malam, ko gefe ɗaya ne ka bari a shuka mana. Kwat ɗin nan fa ba a tuƙa ta a tukunya." Na gyara zaman hular kwano na ce, "Ke dai shayar da Uwar Manaja. Ina kika taɓa ganin Sufeto da fartanya?" Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki.

To me Sufeton Sikeli yake dubawa da damina, ranka ya daɗe? Babu auduga ko ta toshe kunne. Sikelan uku suna kulle a sito. In buɗe da safe in goge su, in shafa musu mai, in jera duwatsun awo daga babba zuwa ƙarami, gobe in jera su daga ƙarami zuwa babba. Da zaman ya ishe ni sai na shiga auna abin da na samu. Na auna Audu masinja. Na auna kujerar babban akawu ranar da bai zo ba. Na auna kyanwar sito, kafin ta haihu da bayan ta haihu. Wata rana na hau da kaina da kwat, na sauka na tuɓe na sake hawa, sai na ga girman nawa gaba ɗaya laba uku da rabi ne. Na yi dariya ni kaɗai a sito, ban san ni ake wa dariyar ba. A hanyar komawa gida nakan wuce ta gonata in ga dawar Sale ta fi ni tsawo, in kaɗa masa ƙararrawar keke in wuce.

Na biyar, ranar da ba za a manta da ita a Hunkuyi ba sai in duk mun mutu. Ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna, ran Asabar ina gida sai ga Audu da ambulan. Ruwan ƙasa, jan hatimi, kamar uwa ɗaya ta haife su da ta farko. Na ga fuskarsa ba walwala, na ce gajiyar hanya ce. Na shiga na kamo zakara wanda ya fi na farko, na haɗa da sule uku, tunda wannan karon ai abin ya fi. Audu ya maƙe hannu a baya ya ce, "Sufeto, don Allah da ka bari an karanta tukuna." Na ce, "Haba Audu, hatimin nan ni zai yi wa baƙunta?" Na cusa masa kuɗin a aljihu na rataya masa zakaran a keke.

Na aika aka sayo goro. Aka shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar gida. Na sa kwat na ɓalle maɓallai har wuya, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Na kira maƙwabta, na kira liman, na aika musamman a kira Tanimu, wanda ya zo Hunkuyi gyaran rumfar fuloti, don ina so ya ji da kunnensa, Allah ya yafe mini. Cikin gida kuwa an ajiye mai guɗa a bakin ƙofa tana jiran alama. Malam Isiyaku ya sa tabarau ya buɗe takarda. Leɓensa ya yi ta motsi ba sauti. Ya yi tari, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce, "Malam Garba, mu ɗan shiga zaure." Na ce, "A'a Malam, karanta a nan kowa ya ji, har na bayan danga." Ya dube ni kamar mai duban mara lafiya, ya fara: kamfani yana godiya ƙwarai ga Malam Garba saboda gaskiyarsa da ƙwazonsa. Mai guɗa ba ta jira sauran ba, ta saki guɗa har kaji suka watse. Sai da ta gama numfashinta kaf sannan Malam Isiyaku ya ƙarasa cewa saboda halin da kasuwa ke ciki kamfani ba ya buƙatar Sufeton Sikeli daga ƙarshen wata, a maida kwat da hula da keke.

Ba ka jin komai sai zakaran Audu. Ni ne na fara dariya. Na yi ta yi har hawaye, har na zame daga kan tabarma, kuma tun ranar ba ta sake ni ba, ko salla nake sai na danne. Wanda na zata zai fi kowa dariya shi ne bai yi ba. Tanimu ya taso ya cire mini hular kwano, ya ɓalle mini maɓallin wuya ya ce, "Sha iska, Garba. Allah ya sa haka ya fi alheri." Wannan karon da dukan bakinsa ya faɗa. Goron da na saya na murna shi aka raba na jaje, ba a yi asarar ko ɗaya ba. Washegari Audu ya dawo da zakara, na ce ya riƙe abinsa, ai ba shi ya rubuta ba.

Na shida. Da na je ofis babban akawu ya zaunar da ni ya warware mini abin, kuma ina so duk wanda aka yi wa ƙari bana yana tafiya yana buɗa kafaɗa ya matso ya ji. Umarni daga manya na Ikko ya zo, wai farashin auduga ya faɗi a ƙasashen waje, a rage masu albashi. Ba a taɓa ɗan rana ko ɗaya ba, don in babu su wa zai auna, wa zai ɗinka, wa zai ɗauka? 'Yan wata aka bi, kuma aka fara daga wanda ya shigo ƙarshe. Na ce to shekarata goma sha ɗaya fa? Ya ce ba ta cikin lissafi, tunda kowace shekara sallamata ake yi a sake ɗauka. A takardar kamfani watana bakwai da haihuwa. Ni da Uwar Manaja sa'o'in juna ne, kwana biyu kawai na ba ta! Ƙarin da na ɗauka katanga ce, shi ne ya ɗauke ni daga inda ba a korar kowa ya kai ni bakin ƙofa ya zaunar. Da an bar ni a sikelina, da yanzu ina cikin gona ina yankan dawa ina zagin tsuntsaye. Tanimu da aka tsallake, wanda ya yi wata bakwai yana kumburi, ga shi nan da rumbu cike da aiki a hannu.

Na ce to ba komai, a maida ni inda aka ɗauko ni. Ba na Tanimu nake nema ba, ya riƙe abinsa da albarka. Sikelin Nasarawan Doya ba shi da mai shi, tunda idon tsohon da ke riƙe da shi ya yi rauni ya ajiye. Babban akawu ya kama baki ya ce, "Haba Sufeto! Doka ta hana. Wanda ya taɓa sa hannu da alƙalami ba ya komawa dangwale, zubar da girman kamfani ne." Ka ji fa, ranka ya daɗe. Na yi wa ofis ƙanƙanta, na yi wa sikeli girma. Na fito ina dariya har mai gadi ya biyo ni da ruwa a buta.

Na bakwai. A nan zan ɗan ajiye wasa, don akwai inda dariyar takan tsaya, wato in na leƙa rumbu. Bana ban shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Sale ya kawo mini dami shida don zumunci, Allah ya saka masa, kuma ba zan nemi ƙari ba. Aro aro ne, wanda ya yi gumi shi ke da amfanin, shi ma yana da nasa bakunan. Mu bakwai ne a gidana. Dami shida ba zai kai mu tsakiyar rani ba, balle wata damina, balle wani girbi. Da a farkon ruwa aka sallame ni da ban rubuta wa kowa takarda ba, sai in rataye kwat in ɗauki fartanya. Amma an riƙe ni ina auna kyanwa har ruwa ya ɗauke, sannan aka ce in tafi. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ban taɓa jin irinsa ba tun da na yi aure. Mai ɗakina ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta faɗa. Ta dai fara rage hannu in tana ɗiban tsaba, tana zaton ban lura ba, ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina gane nauyi da ido.

Saura kwana goma sha biyu a rubuta sunayen 'yan rana na bana. In an rufe takardar ba sunana, sai baɗi, kuma ban san da me za mu kai baɗin ba.

Ban ce kai mugu ne ba. Na san ba daga aljihunka umarnin ya fito ba, kuma Audu ya gaya mini ranar da ka sa hannu a takardata abincinka haka aka maida shi gida ba ka taɓa ba. Na kuma san abin da ke kai ka Zariya alhali motarka tana gindin mangwaro. Kunya ce, kai da kanka ka ce kai jika ne mai kunya. To fito, jikana, ba dukanka zan yi ba. Amma Baturen da ya tafi, da shi ya yi mini haka da na ce bai san damina ba, bai san rumbu ba. Kai ka sani. A gidan noma aka haife ka, ka san abin da ake nufi in an ce mutum bai yi shuka ba.

Matan unguwa sun ba da shawara a daina kiran yarinya Uwar Manaja, wata ma ta ce a sake mata suna ɗungum. Na ce ba za a yi ba. An yanka rago, liman ya yi addu'a, kuma tsohuwar da ke Ikara ba ta yi mini laifin komai ba. Rabin nan na dabara ya ƙone, na ga tokarsa da idona. Rabin da ya rage na ƙauna ne, shi kuwa ba da hatimin kamfani ya zo ba, ba kuma za a karɓe shi da kwat ba. Ko ka amsa takardar nan ko ba ka amsa ba, uwarka tana nan da sunanta. Ta fara rarrafe, ta fitar da haƙori biyu, kuma satin nan ta fara cin tuwo, tana ci kamar ta san ɗanta babban mutum ne.

Saboda haka ga roƙona, cikin ladabi.

Na farko, a karɓi kwat da hula da keke. Na wanke, na goge, na sa wa keke mai. Maɓalli ɗaya ne babu, uwarka ta tsinke shi, sai ka bi ta.

Na biyu, kuma shi ne gaba ɗayan maganar, a rubuta Garba a sikelin Nasarawan Doya kafin a rufe sunaye. Dokar da ta ce ba a sauka, mutum ne ya rubuta ta, kuma kujerar da ke iya ɗaga ta kai ke kanta yanzu, ba wani baƙo ba. In kuwa sai da laifi ake rage wa mutum girma, ka aiko Audu ya gaya mini wane iri ake so. Zan iya makara. Zan iya barci a sito. Zan iya zuwa ofis in zauna a kujerarka in aike ka sayen goro a gaban akawuna, kaka yana da wannan ikon. Girman kamfanin da ake tsoron ya zube kuwa, ni na auna wanda aka ba ni, laba uku da rabi ne, ko ya zube ba zai karya ƙafar kowa ba.

Na uku ba don kaina ba ne. Nan gaba in za a ba ɗan rana kwat, a zaunar da shi a gaya masa da Hausa cewa shekarunsa sun koma farko, kuma ranar ragi shi ne na bakin ƙofa, in ya so ya zaɓa da idonsa buɗe. In kuma sallamar ta zama dole, a yi ta kafin ruwan shuka.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girman da ba a karɓewa. Allah ya kare ka daga ambulan mai ruwan ƙasa, don na ji an ce waɗanda suka aiko da tawa suna da sauran hatimi. Allah ya ba Iya babba lafiya, ya raya Iya ƙarama, ya ba manomanmu auduga mai kyau bana, ya zaunar da ƙasarmu sabuwa lafiya.

Takardar nan biyu na rubuta, ɗaya ga jarida, ɗaya Audu zai ajiye a kan teburinka. A ƙasan taka ba za ka ga sa hannun alƙalami ba, na ajiye shi. Yatsa na dangwala, irin na 'yan rana, don a fara sabawa. Ɗan ƙaramin tabon da ke kusa da nawa kuwa na uwarka ne. Ba ta san abin da ta sa wa hannu ba, amma daga rumbun nan take ci.

Wassalam.

Kakanka,
Garba mai sikeli, Hunkuyi.